Yadda Muka Kai Kumbon Hadiza Buea

New Bell

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da ’yata Hadiza mai shekara goma sha ɗaya, da kwalinta. Lekol ɗinsu, wato makarantarsu, ta zaɓe ta zuwa gasar kimiyya a Buea. Babanta yana Kano sarin kaya, ni kuwa ban taɓa wuce Bonaberi ba.

A cikin kwalin akwai ƙwan tocila, shi ne rana. Gwangwanin sadin da murfin ƙaramar tukunyata su ne kumbon da aka harba kusa da ranar, da garkuwarsa. Sai batir da wayoyi lanƙwasassu. Abin ya yi kyau. Damuwata ɗaya ce: Hadiza ba ta iya magana gaban baƙo. Ko gaisuwa, sai ta ɓuya bayan zanena.

Muka hau bensikin, mashin ɗin haya. Kan gadar Wouri na rufe ido, na ƙanƙame kwali da yarinya.

Grand Hangar

Nan muka sami ƙaramar bas. Yaron mota ya so ɗaure kwalin a sama tare da ayaba, na ce sai dai ni a ɗaure. Direban ɗan Garwa ne, ya yi dariya.

“Hajiya, zinariya ce?”

“Ta fi.”

Na saya wa Hadiza makala, wato fanke, da wake, ta kasa ci.

Gadar Mungo

Mun wuce Sodiko lafiya. A shingen gada aka sauke kowa ana duba katin shaida. Wani soja ya buɗe kwalin, ya ga batir da wayoyi, ya ja da baya ya ɗaga hannu. Mutane suka dare. Sai a lokacin na gane kamar me abin yake a wannan hanya: bam.

Ya daka mini tambaya da Faransanci, ni kuma iyakacina na cefane. Direba ya matso ya ce, “Hajiya, in ba bayani zai ƙwace, mu ma ya tsare mu.”

Na tsugunna na kama fuskar Hadiza. “Uwata, kalle ni. Faɗa masa yadda kike faɗa mini in ina wanki.”

Ta fara da murya can ƙasa, tana kallon takalminsa. Na san zancen, da Hausa ta sha yi mini: rana kullum tana feso ƙananan ƙwayoyi masu zafi, ita ce iskar rana. Kumbon da ya shiga cikinta ya tarar layukan maganaɗisunta suna lanƙwashewa baya farat ɗaya, su sake miƙewa, kamar igiyar shanya da aka kaɗa. Ƙurar sama ma raguwa take yi in an kusanci rana.

Ta haɗa waya, ƙwai ya kama. Sojan ya tambayi wani abu, ta ɗago kai ta ce, “Non, monsieur,” ta gyara masa! Ya kira abokinsa ya ce ta maimaita. Da kansa ya rufe kwalin ya miƙo mini da hannu biyu.

Buea

Sanyi ya tare mu gindin dutse. Malamarsu ta riga mu isa, ta tsaya tana ta bai wa Hadiza baki kada ta tsorata. Hadiza ta ce, “Madam, waɗannan ai ba su da bindiga.”

A gasar ta zo ta biyu. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗakin, kowa ya waiwayo, ban fasa ba. Na sa ta tambayo mini alƙalin gasar ko iskar nan tana isowa New Bell. Ya ce duniya ma tana da garkuwar maganaɗisu da ke tare ta. Sannan na iya cin miondo, ƙullin rogo, da gasasshen kifi. Muka kwana ɗakin malamar, kan katifa ɗaya.

Gida

La’asar ɗin washegari muka shigo unguwa. Kafin in ajiye jaka matan gidanmu sun kewaye ta, Inna Laure mai koko tana cewa, “To likitar rana, kunna mu gani!” Na shiga ɗaki na yi sujada. Na gode Allah, na gode direban Garwa, da sojan da ko sunansa ban tambaya ba. Ta taga ina jiyo muryar ’yata tana ce wa manyan mata su yi shiru tukuna.