Kek ɗin da Goggo ta ce ya zuba

Shekara biyu bayan na gama bautar ƙasa, na kusan daina kai takardun neman aiki masana'antun Sharaɗa da Bompai. Masu gadi sun riga sun san fuskata, suna karɓar ambulan ba tare da sun ɗago kai ba. Sai na koma koyon adon kek a waya, a gidanmu na Panshekara.

Salo ɗaya ne ya kama raina. Ana kwaɓa bota da garin sukari, a raba kashi uku ko huɗu, kowanne da launinsa. Sai a ɗora su nan da can a jikin kek, a ja da 'yar wuƙa marar kaifi har bakin wannan launi ya shiga cikin wancan, kamar zanen fenti. Na yi wata huɗu ina gwadawa a bayan faranti.

Da Goggo, yayar babana, ta tashi aurar da 'yarta, ni na roƙa a bar mini kek ɗin kamu. Tunanina shi ne, idan mata biyu ko uku suka tambayi wa ya yi, wataƙila na samu sana'a. Gaskiya ba ni da wata dabarar bayan wannan. Goggo ta aiko da ƙyallen anko, ruwan hoda da ruwan goro a kan fari, ta ce a bi shi.

Na fara da safe kafin zafi ya narkar da botar. Hawa uku ne. Ruwan goro daga ƙasa, yana hawa yana saki har ya zama hoda, hodar ta ɓace cikin fari a sama. Ba na son yabon kaina, amma ina ganin ban taɓa yin abin da ya kai shi ba.

Bayan azahar Goggo ta shigo da ƙawarta. Ta zagaya teburin a hankali.

"Ke 'yar nan, ruwa ne ya taɓa shi?"

"A'a Goggo, haka ake yin sa. Wani salo ne, ina ganin za ku..."

"Wannan ai ya zuba."

Da na tsaya na yi tunani, da na hango wannan. Goggo ta yi shekaru tana sarin yadin da masaƙun Challawa ke warewa gefe saboda rininsa ya zuba, launi ya shiga launi. Duk unguwarmu an san shi. Mun sa shi da salla, tela yana ɓoye wurin a cikin ɗinki.

Na buɗe waya na nuna mata hotunan da nake koyo da su. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta duba.

"Su ma nasu ya zuba," ta ce.

Ƙawarta ta yi dariya. "Wai ba ke ce mai digiri ba? Duk karatun nan ba a koya muku inda ja yake tsayawa ba?"

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta rage murya. "Dangin ango daga cikin gari za su zo. So kike su ce har kek ɗin ma na bakin masaƙa muka sayo? Gyara shi, Allah Ya yi miki albarka."

Na so in ce a jira amarya ta gani, amma tana wurin kwalliya, kuma ban tabbata za ta goyi bayana ba. Ban ma tabbata Goggo ba ta da gaskiya ba. Ita ta san idon mutanen da za su zo.

Babu sauran bota. Sai na ɗauki wuƙar na dinga ja ina zagayawa, har launukan suka haɗe suka zama ɗaya, wani abu tsakanin hoda da ƙasa-ƙasa. Goggo ta ce yawwa, yanzu ya yi kama da na mutane.

A wurin kamu aka yanka shi, aka raba, aka cinye. Wata ta ce ba shi da laifi. Na tsaya kusa da teburin har aka tashi, ko wata za ta tambayi wa ya yi. Babu wadda ta tambaya.

Sai da na dawo gida na tuna ban ɗauki hotonsa ba kafin Goggo ta shigo. Nakan ce idan wani bikin ya zo zan sake gwadawa. An yi biyu a danginmu tun daga lokacin, duka a kanti suka sayi nasu.