Giɓin Sahu

Allah ya jarrabi wani mai gawayi da kuturta yana saurayi, zamanin da ake yi wa masu ita bukka a bayan gari. Daga baya magani ya zo, likita ya tabbatar masa ya warke, sai dai yatsun da suka tafi ba su dawo ba. Cutar ta bar jikinsa, amma ba ta bar zukatan maƙwabta ba. An kori 'yarsa daga makaranta saboda shi. A masallaci kuwa butarsa daban, kuma duk inda ya tsaya sai a bar giɓi a gefensa, alhali liman yana cewa a haɗa kafaɗa.

Ya yi haƙuri har furfura ta rufe kansa. Ran nan da la'asar, attajirin unguwa ya tsaya a damansa, ya ja jiki kamar yadda aka saba. Mai gawayi ya matsa kusa da shi. Attajiri ya gusa, mai gawayi ya sake bin sa, har kafaɗar attajiri ta daki bango.

"Haba malam, mene ne haka?"

"Alhaji, ka kai bango. Malamai sun ce Shaiɗan ke shiga giɓi, ni kuwa na gaji da salla kusa da shi. Gawayin da ake dafa maka abinci da shi ma, wannan hannun ne ya auna."

Liman ya waiwayo, ya dube su, sannan ya yi kabbara. Kafaɗa da kafaɗa suka idar da sallar.