Dattijo Mai Gizo-gizo a Kwalba

A wani shagon shayi a unguwar Dira ta Riyad, bayan la'asar, Zayyanu direba yana kallon wani dattijo ɗan Sudan. Gilashin idonsa ɗaure yake da zare, gishiri ya bushe a takalmansa, a garin da ko kogi babu. Shayinsa ya huce, yana ta juya wata 'yar kwalba a hasken rana. Gizo-gizo ne a ciki, yana lilo cikin ruwan magani.

"Ya shaikh, wannan fa?"

"Daga gaɓar Jizan yake, ɗana. In teku ta cika sai ya shige ɓawon katantanwa, ya saƙe ƙofa, ya jira ruwa ya janye. Masana sun sa shi a wannan dangi, sun cire, sun kai wancan. Har yau musu ake."

A zuci Zayyanu yana hango dattijon durƙushe cikin laka tun yana saurayi. Sai ya tuna 'yarsa Muhibba, haifaffiyar Riyad, wadda Hausar bakinta kullum raguwa take. Nan baƙuwa ce, a Gusau Balarabiya.

"Gizo-gizon yana daɗewa a cikin ɓawon?"

"Gwargwadon iskar da ya shiga da ita."