Takardar da Ke Ƙarƙashin Tawa

Dattijo ne siriri, jan biro biyu a aljihu, tabaransa ɗaure da zare. Yana tsaye gaban allon sanarwa a shagon fotokwafi, yana karanta tallar darasin yamma da na kafa. Ina jin ya yi shekara talatin a aji.

"Taki ce, 'yata? Yara ashirin sun yi yawa. Fara da shida, ki san kuskuren kowa."

Mutum tara na tambaya, ba wanda ya gaya mini haka.

Sai ya shiga laluben allon. "Ikon Allah, ina tawa tallar? Da hannu na rubuta ta."

Jiya na rufe ta da tawa, na danna ƙusa huɗu. Ina zare ta farko, na kasa kallonsa.