Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Laraba matar Andarawus ƙawata ce, kuma ita ce shugabar kantinmu har ranar da ta bar duniya. Ni ce Raliya, tela. Na rubuta wannan ne saboda 'ya'yanta, don su san yadda uwarsu take a idon wadda ta zauna da ita.

Daga wajen Tungan Magajiya mijinta ya kawo ta Kontagora, shi yana aikin birkila. Hausarta na da nauyin harshen gidansu. In ta kira sunana sai ta ja shi kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Ina yi mata dariya, ita kuma tana ce mini 'yar birni mai hannun auduga. A layin sabulu muka haɗu a 1984, lokacin da sukari da madara suka zama sai da layi, soja na tsaye da bulala. Muka yini a rana, muna isa bakin taga aka ce kaya sun ƙare. A hanyar komawa ta kwance bakin zanenta ta raba mini dafaffen rogo. Daga ranar ba mu rabu ba.

Wannan wahalar ce ta haifi kantin. Gidajen unguwarmu, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, kowa ya kawo abin da ya samu, aka kama shago aka sa masa suna Kantin Taimakon Juna. Ana saro hatsi da wake da manja da gishiri, a sayar wa 'yan ƙungiya da sauƙi. Kwamiti ke tafiyar da shi, babu albashi, ko ruwan sha kai za ka zo da abinka. Malam Jinaidu, tsohon malamin makaranta, shi ne sakatare. Nababa ke sayo kaya, don ya san kasuwannin ƙauye. Agatha ke awo. Ni kuma ina cikin masu ɗaga hannu.

Da aka zo zaɓen shugaba, Laraba aka nuna, domin ita ce kowane ɓangare ke shiga gidanta ba tare da ɗari-ɗari ba. Ta ce ta karɓa, amma da sharaɗi. A gidan babanta, in sabon amfani ya shigo, maigida ke fara ci kafin a ba yara. Don haka duk abincin da ya shigo kanti, mudun farko gidan shugaba za a kai. Ta dafa, ta ci, sai gari ya waye tana lafiya sannan a buɗe buhu.

Aka yi dariya. Nababa ya ce Maman Filibus, wato Laraba, ta gano hanyar cika tukunyarta, ta ce masa in yana kwaɗayi ya zo ya wanke kwano. Amma dokar ta zauna. Wata shekara garin rogo ya sa ta jiri da amai, aka mayar da shi. Wata shekara ta gane manjan da aka gauraya. Tun ana wasa har ya zama duk matar da ta zo awo, kafin ta miƙa kwano sai ta tambaya, Laraba ta ci? In an ce ta ci, shi ke nan.

Daminar 1996 ta zo da yunwa. Rumbuna sun ƙare, sabo bai nuna ba, wake ya zama sai mai hali. Ana nan sai ga Nababa da buhunan wake a bayan a-kori-kura. Ya ce wani baƙon ɗan kasuwa ya sayar masa da araha a wata kasuwar ƙauye.

Agatha ta farke bakin buhu ta tura hannu. Wake fari tas, manya-manya. Muka yi ta juya shi a tafin hannu, babu huji ko ɗaya, babu gari a ƙasa, babu ƙwaro. Duk wadda ta taɓa girki ta san waken bara ba ya kai wannan lokaci haka. Laraba ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ni ma na ji wani wari kaɗan, kamar kananzir amma ba shi ba. Sai ta taɓa ni ta nuna mini ƙasa. Akwai layin tururuwa da kullum ke bin gindin bango zuwa wajen sukari. Ranar, da suka iso buhunan, sai suka yi kwana suka zagaye.

Washegari da safe kwamiti ya zauna. Mata na waje da kwanuka, labari ya riga ya bazu. Laraba ta ce a mayar da waken. Nababa ya tashi tsaye, ya ce mai shi ya daɗe da tafiya, in ya kawo mai ƙwari a ce ya sayo dusa, ya kawo mai kyau kuma a ce guba. Malam Jinaidu ya ce ya ji ana maganar waken da ake zuba wa maganin ƙwari, amma a ganinsa wanki mai kyau zai fitar da shi. Agatha ta ce to a fara ba akuya.

"Akuya ce shugabar kantin?" in ji Nababa. "Doka ta ce tukunyar shugaba. Ba ni na kafa ta ba."

Aka ɗaga hannu a kan a riƙe waken. Ni da Laraba kaɗai muka ce a'a. Shugaba ba ta da ikon rushe abin da kwamiti ya yanke. Abin da ya rage mata shi ne tukunya.

A hanya ta gaya mini abin da ke damunta. In ta ƙi waken ba ta ci ba, kamar ta ce Nababa ya kawo wa jama'a guba da saninsa ne. Danginsa ba za su haɗiye ba, nata mutanen ma ba za su yi shiru ba, kuma kowa ya san ta inda kantin zai tsage. In kuma ta bari aka buɗe, yara ne za su fara ci.

Andarawus na can Nasko wajen gini. Ta tura yara gidan ƙanwarsa Magdalena. Ina zaune ta wanke waken, ta zubar da ruwa, ta sake, ta sake. Ta sa kanwa, ta kwarara manja fiye da ƙima, domin dukanmu mun taso da sanin cewa manja na karya guba. Na roƙe ta. Na ce ta juye a masai, gobe ta ce ta ci ya ɓata mata ciki, ni ce shaida.

"Raliya," ta ce, "tun da aka buɗe kantin nan suke tambaya ko na ci. In na yi ƙarya yau, duk na baya ma sun zama ƙarya."

Na miƙa hannu in ci tare da ita, ta buge ni da ludayi, ta ce hannun auduga ba na shugabanci ba ne. Na ce to ta ɗanɗana kawai. Ta ce yara ba ɗanɗano suke yi ba, ƙoshi suke. Ta yi addu'arta, ta cinye kwano guda, ta sha ruwa, ta ce da daɗi kuwa.

Har azahar tana yi mini tsiya a kan wata riga da na ɗinka mata hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ina idar da salla na ga ta jingina da bango, gumi na zuba, yawu ya cika bakinta. Ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar bakin allura. Na ce mu tafi asibiti. Ta riƙe zanena ta ce in fara zuwa kanti, don ta san matan waje ba za su bar Agatha ta jira gobe kafin ta buɗe buhu ba. Na tafi da gudu. Na tarar da Agatha ta ɗauki mudu, mata sun rufe ta da magiya. Na kwanta a kan buhun.

Da na dawo, maƙwabta sun taru suna ɗura mata manja da madara. Kowa da kyakkyawar niyya, kowa na cewa a ɗan jira ya yi aiki. Sai bayan la'asar aka samo mota. Likita ya ce jiran nan ne ya ci mu.

Ta kai wayewar gari. Andarawus ya iso yana riƙe da ƙafarta, ni ina wajen kai. Ta buɗe ido ta motsa baki, na kara kunne.

"An buɗe?"

"Ba a buɗe ba, ƙawata. Ko mudu ɗaya bai fita ba."

Daga nan ta cika.

An ƙone buhunan a bayan gari, aka binne tokar. Ranar jana'iza coci ya cika, mu kuma muka cika haraba. Nababa ya je ya durƙusa gaban Andarawus yana kuka, na kuma yarda bai sani ba. Baƙon ɗan kasuwar ba a sake ganinsa ba. Bai zama lalle namu ne kaɗai buhunan da ya sayar ba.

Da aka yi zaman kwamiti na gaba, na ce a soke dokar. Kowa ya yarda. Aka sayo shinkafa, aka buɗe, aka zauna. Mata na zuwa da kwano su tsaya a bakin ƙofa su tambaya, wa ya ci? In aka ce babu, sai su juya. Kanti ya yi kwanaki ba ciniki, har aka fara maganar rufewa.

Jiya aka sake zama, aka mayar da dokar, aka zaɓe ni shugaba. Yau da safe Agatha ta kawo mudun shinkafa ta ajiye a ƙofar ɗakina, ba ta iya kallon fuskata ba. Na shinshina, ban ji komai ba. Na ajiye shi gindin bango na zuba ido, tururuwa ba su fito ba tukuna. Na tura yara gidan Inna. Ruwa ya fara tafasa.