Rigata Mai Ratsi Tana Rogo

A gidanmu ba a ɗinka wa yaro rigar da ta yi masa daidai. Rigar mutumin da ake fatan za ka zama ake ɗinka maka, sai ka shiga ciki ka zauna kana jiran isowarsa. Tun ina firamare nake yawo a cikin kayan wata ƙatuwar mata da ban taɓa gani ba. Rigar makarantar da aka yi min da zan shiga sakandare, ni da ƙawata mun taɓa shiga cikinta tare, kuma akwai sauran wurin ajiye tulu.

Inna ce ke yanke hukunci, Gwaggo ce ke zartarwa. Gwaggo yayar Babanmu ce. Bayan rasuwar mijinta ta baro Kurugu ta dawo gidanmu na Karaye da akwatinta da keken ɗinkinta na ƙafa. Tana da tef ɗin awo, amma yana rataye a ƙusa kamar kayan ado. Da taƙi take awo. Za ta dafa babban yatsa a kafaɗarka, ta miƙa na tsakiya, ta yi ta tafiya har ta gama da kai, sannan ta ƙara taƙi guda a iska ta ce wannan na girma ne. Ni kuwa na daɗe da daina girma, duk unguwa ta sani, Gwaggo ce kaɗai labarin bai kai wa ba.

Yadin daga Rogo ya zo. Yayata da ke aure a Sabon Garin Rogo ce ta aiko min shi, irin mai robar nan da in ka ja ya tale, in ka saki ya koma. Ratsin shuɗi da fari ne a kwance, ga laushi kamar kunnen ɗan akuya. Lokacin tana da tsohon ciki na biyu. Ta ce min a waya in ɗinka da kaina tunda na iya taka keke, in sa ranar suna idan Allah ya sauke ta lafiya. Kowa ya san ranar suna in an shige ɗakin mai jego ake cire hijabi, a nan ake ganin wadda ta yi kwalliya da wadda ta shigo cikin buhu. Na yi niyya a raina, ko sau ɗaya a rayuwata sai na sa rigar da ta san inda jikina ya ƙare.

Na sauko da tef ɗin Gwaggo na kaɗe masa ƙura, na auna kaina. Na zana gaba da baya da hannu a bayan tsohuwar kalanda, na yanke. Na kalli wata mata a wayar Inna tana yanka irin yadin har cajin ya mutu, aka yi min faɗa, na sake kallo. Abu biyu na riƙe. Talewar yadin dole ta zagaya jiki, kada ta gangara ƙasa. Ratsin gaba kuma dole ya haɗu da na baya a gefe, shuɗi ya sami shuɗi, fari ya sami fari.

Da safen da aka bugo cewa Yaya ta haifi mace, na shimfiɗa yadin a tabarma a ɗakin Gwaggo, na ninka, na bi ratsi ɗaya bayan ɗaya ina soka fil har bayana ya ƙage. Na ɗora takardata a kai ke nan Inna ta ƙwala min kira in kai niƙa, don za a yi wa mai jego kunu a aika. Na bar komai a shimfiɗe na fita. A wurin injin na tarar da layi kamar duk Karaye ranar ta haihu.

Da na dawo na sami Gwaggo zaune a kan tabarmar, almakashi a cinya, tana murmushi irin na wadda ta gina masallaci.

"'Yar nan, na rage miki aiki," in ji ta. "Takardar nan taki ai ta 'yar tsana ce, na ba Auta."

Na leƙa tsakar gida, ga ƙanwata Auta tana fifita wuta da gaban rigata. Na dawo na dubi tabarma. Gwaggo ta zare fil ɗina kaf ta tara a murfin kwalba. Ta juya yadin ratsin ya koma tsaye, domin ita atamfa bakinta take bi in za ta yanka, kuma wai ratsi a kwance yana mayar da yarinya kamar turmi. Ta fitar da falle biyu, kowanne faɗin ƙyauren ɗaki. Abin da ya rage kuma ta yayyanka shi 'yan huluna da wanduna na jaririya, wai ba za ta je suna hannu na dukan cinya ba. Da yadina za ta yi wa mutane kara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da na yi bayan nan. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Sannu Gwaggo, Allah ya saka da alheri." Yayar uba ce, ba abin da za ka iya ce mata sai wannan. Muryata na rawa, ita kuma ta ɗauka daɗi ne ya kama ni, har ta ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Na fita na ƙwace takardata a hannun Auta, gefe ɗaya ya babbake. Na jawo turmi na daka geron da ba wanda ya sa ni, na daka shi har ya nemi afuwa. Da na kai ƙara wurin Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce Gwaggo tana ɗinki tun Babanmu bai yi gemu ba, in ma na gode sau ɗaya in koma in ƙara.

Na koma ɗakin, amma ba godiya ta mayar da ni ba. Na ja fallen ta gefe, ya ƙi motsi kamar fatar ganga. Na ja shi ta ƙasa, ya biyo ni har bakin ƙofa, da na ci gaba da tafiya da mun isa Rogo tare. In aka ɗinka shi haka, wanki biyu rigar za ta fara share mana tsakar gida. Ina tsaye ina hawaye sai na lura da faɗinsa. Na juya fallen a kaikaice, ratsin ya koma kwance, na ɗora babbakakkiyar takardata. Ta shiga, da ƙyar, ba sauran ko faɗin farce. Kada wanda ya ce min ƙarin Gwaggo ne ya cece ni. Wanda ya tura ka rijiya ba ya cin godiya don rijiyar ba ta da zurfi, ni dai haka na gani. Na jira Gwaggo ta tafi barka maƙwabta, na sake soka fil, na yanka. Dogon hannun da na yi buri ya tafi a hular jaririya, sai guntu na samu daga kusurwoyi.

Sai keken ya karɓi faɗan daga inda Gwaggo ta tsaya. Ya saba da atamfa da shadda, masu tsayawa inda aka ajiye su. Ina fara takawa ya haɗiye bakin yadin cikin raminsa ya tauna. Gefen yadin yana naɗewa kamar ganyen masara in ruwa ya ɗauke. Allura ta yi ɗinki uku ta tsallake biyar, kamar ita ma an aike ta niƙa. Da na samu na haɗa gefe ɗaya na zura kaina don gwaji, sai na ji zaren yana tsinkewa ɓas-ɓas-ɓas kamar ana yin gugguru a hammatata.

Gwaggo ta dawo ta ga na juya mata yanka. Ba ta yi faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa ciwo. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni da goronta, kullum, tana ba da labarin aikina ga duk wadda ta shigo. Wai yadin ba shi da tarbiyya. Wai in na karya mata allura in shirya zuwa Kano a ƙafa. Wai ta ga 'yan zamani, sai su sayi wahala da ratsi a jiki.

Na farke da reza, na sake, na farke. A hankali na gane in na ɗan tale yadin gaba da baya ina takawa, zaren yana samun sarari ba ya tsinkewa. Na gane in na sa siririyar takarda a ƙarƙashi keken ba ya haɗiyewa, in na gama in yage ta. Kowane ɗinki na bi shi layi biyu. Gefen hagu ratsi ya haɗu lafiya. Na dama ya goce da kaurin tsinken tsintsiya, Gwaggo ta ce ba mai gani sai maye, na farke shi duk da haka. Wuyan kaɗai ya cinye min yini guda da rabin hankalina. Yatsuna suka zama kamar rariya.

Ana jibi suna na gama, bayan azahar, maza duk sun fita. Na sa rigar na tsaya gaban madubin Inna. Ta zauna ɗas. Ranar na fara sanin inda kafaɗata ta tsaya. Na ɗaga hannu, ba abin da ya yi ƙara. Na juya gefe, shuɗi ya zagayo ya kama shuɗi kamar ba a taɓa raba su ba. Na fito tsakar gida ina taku ɗaiɗai.

Inna tana tankaɗe. Ta dube ni ta ce in juya, na juya. Ta ce in ɗaga hannu, na ɗaga, ina jiran yabo.

"Ta yi miki kaɗan," in ji ta. "Cire ki ba Auta."

Murna ce ta mantar da ni ɗaya rabin dokar gidanmu. Ranar da kaya suka yi maka daidai, ranar suka tashi daga naka, sun zama na mai bi maka. Duk burma-burman rigunan da na yi shekaru ina jira, ina cika su ake zare min. Ni kuma da hannuna na ɗinka rigar da aka haifa a ranar rabuwarmu.

Na ce Inna ba kaɗan ta yi ba, daidai ta yi, haka ake sa irinta. Ta ce abin da ya yi daidai yau gobe ya matse, gara a ba mai sauran tafiya tun bai lalace ba. Gwaggo daga ƙofar ɗaki ta ce ai ta faɗa, da an bar yankanta da na sa ta har ɗakin miji. Auta kuwa, siririya kamar sillen kara, har ta iso gabana ta miƙo hannu biyu.

"Yaya, in za ki cire ki bi a hankali, kar ki tale min wuyan."

Allah ne ya tsare yarinyar nan ranar. Na shige ɗaki da rigata a jiki na ƙi fitowa, na ƙi tuwo, na yi kukan da har akuyar maƙwabta ta amsa. Da yamma Inna ta sassauta, ba don kukana ba, don kada Yaya ta tambaya. Zan sa ranar suna, muna dawowa ta zama ta Auta. Daga nan Auta ta zama mai gadina. In na gifta murhu ta ce in yi nesa da rigarta. In na ɗauki mai ta ce in kula.

Ranar suna muka cusu a mota zuwa Rogo, ina gumi a ƙarƙashin hijabi, Auta na tuna min cewa gumi yana ɓata fari. Da muka shiga ɗakin mai jego na cire hijabin. Wata ƙanwar mijin Yaya ta tambayi telan da ya yi min. Wata ta sa yatsa tana bin gefen rigar tana neman inda ratsi ya karye, ba ta samu ba. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta sanar da ɗaki cewa kekenta ne, kuma ita ta fara sa almakashi. Aka miƙo min jaririya, tana sanye da hular yadina, hular ta sauko mata har hanci.

Da la'asar, ana haɗa kayan komawa, na ja Yaya ƙuryar ɗaki na zayyana mata komai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce ita ma sai a kayan lefenta ta fara sa abin da ya yi mata daidai, har ta zaci telan ne ya yi kuskure. Ta jawo akwatinta ta buɗe. Na cire rigar na ninke, ta sa ta can ƙasa, na zura tsohuwar atamfata da na taho da ita a jaka, na mayar da hijabi.

Muna sauka gida Auta ta biyo ni ɗaki karɓar kayanta. Da ta ga atamfa ta ruga ta kira Inna. Ban yi ƙarya ba. Na durƙusa na ce wadda ta aiko da yadin na ba ajiya. Na shirya wa dukan Inna. Sai ta ce ba laifi, tunda mace aka haifa, za ta taso ta tarar da ita. Ko a Rogo ma an riga an yi wa rigar magajiya, mai kwana bakwai a duniya.

Auta ta daina yi min magana, abin da ban ɗauke shi hasara ba. Yanzu duk abin da za a kai Rogo, ko ƙullin daddawa ne, ni ce mai zuwa. In na gaisa da mutanen gidan na shige ɗakin Yaya, in buɗe akwati in sa rigata, in zauna a bakin gado in ci abin da aka ba ni. Jaririyar daga nesa nake yi mata wasa, saboda tumbuɗi. In aka kira la'asar in cire in ninke in mayar. Rigar da na huda yatsuna na ɗinka a Karaye, sai na shiga mota na je Rogo nake samun sa ta.