Azumi 'Yar Dabo, Azumi 'Yar Gwadabe

Duk Bahaushiyar da ta taɓa sayen abaya a kasuwar Balad ta Jidda ta ga ta yi mata tsawo ta san hanyar ɗakin Azumi mai ɗinki. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, kullum da allura biyu ko uku a soke a gefen ɗankwalinta. Ba ta damu da tef ba. Kallo ɗaya za ta yi wa mace ta ce, “Hajiya, kin ƙara jiki, kada ki yi mini musu,” in aka auna kuma a tarar gaskiyarta ce. Shekara ashirin duk wanda ya tambaye ni wace ce ita, cewa nake ƙanwata ce. Sunana Usuman Dabo Jaji, ina tuƙa motar ɗaukar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa da kantunan Balad, kuma ƙanwa ɗaya tak iyayena suka haifa mini, Lubabatu.

Ga yadda aka yi suka zama biyu. A 1988 na je Zariya hutu. Lokacin Lubabatu ta shekara biyu tana aikin jinya a wani asibiti a Jidda, sai ta rubuto mini cewa in taho da ƙawarta Azumi ta yi umra. Azumi bazawara ce, ba ɗa ba jika, mahaifinta Gwadabe mahauci ya rasu. Muka je wurin ejan da ke shirya tafiya, ya ce mace mai shekarunta ba ta samun biza sai da muharrami, miji ko uba ko ɗan'uwa. Na ce to ai ba ta da ko ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To kai da kake zaune nan fa?” Kafin mako biyu fasfo ya fito, Azumi Dabo Jaji. Mata da yawa ta haka suka zo, ba wanda ya ɗauki abin da nauyi. Da muka sauka, jami'in ya nuna ta da biro ya ce, “Uhtak?” wato ƙanwarka ce? Na ce “Aiwa,” wato e, da harami a jikina.

Umra ta ƙare, Azumi ba ta koma ba. Ta fara ɗinki a wani ɗan ɗaki a unguwar Karantina, daga baya wani Balarabe mai suna Hamad ya zama kafilinta, wato mai tsaya mata, iƙama, takardar izinin zama, ta fito da sunan da ke fasfo. Da Lubabatu ta samo musu gida ita da Azumi a unguwar Aziziyya, mai gidan ya ce ba ya ba mata zalla haya, sai ni na sa hannu a matsayin yayansu. Haka ƙaryar minti ɗaya ta yi ta yin rassa. 'Ya'yana suka tashi suna cewa Gwaggo Azumi. Duk haihuwar da matata Zakiya ta yi, Azumi ce ke kan ruwan wanka da kunun kanwa har arba'in. Da Baba Dabo ya zo Hajji ƙafarsa ta kumbura, ita ta riƙa gasa masa, yana dariya yana cewa ashe yana da wata 'ya bai sani ba. Da ya rasu, a cikinmu ta zauna aka yi mata ta'aziyya, kuma ta fi mu kuka.

Manema sun zo. Akwai wani Lado maƙerin zinariya da ya zo mini sau uku da goro da turare, duk ta sallame shi da cewa ita aure ya ishe ta. Na ce a raina mijin fari ne ya gasa mata. Ɗaki biyu ne a gidan nasu ita da Lubabatu, ɗaya cike da yaduka da keken ɗinki, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Sau ɗari na shiga gidan nan ban taɓa tambayar kaina komai ba. Ni ne mutumin da ke gane ƙarar injin da ya fara lalacewa tun daga nesa, amma wannan ya shige mini duhu.

Wata Juma'a a 2008, bayan an sauko daga masallaci, na je cin shinkafa gidansu kamar kullum. Da aka kwashe kwanuka, Lubabatu ta ɗora takardu a kan ledar da muka ci a kai. Ta ce asibiti sun sanar da ita wannan ne kwantiraginta na ƙarshe, kuma ta nemi tafiya Kanada, suna ɗaukar ma'aikatan jinya. Na ce madalla. Ta nuna mini gurbi biyu a fom ɗin.

“Wannan na 'yan'uwa ne, Yaya.”

“To ki sa ni, ki sa Azumi.”

“In na sa ta a nan ba za ta bi ni ba. Ba sa ba ƙanwa mai shekara arba'in da huɗu biza. Kuma lauyar da nake waya da ita ta ce abin da na rubuta yau shi ke nan, ba a dawowa gobe a ce an yi kuskure.”

“Ɗayan fa?”

“Na miji ne ko mata, ko wanda kuke zaman aure da shi.”

“To ina ruwan Azumi da wannan?”

Azumi ta sunkuya tana tsintar zare a jikin zaninta, zaren da babu shi. Can Lubabatu ta ce, “A can mace tana auren mace, Yaya. In mun isa za mu ɗaura.”

Na miƙe na fita. Sai da na kai bakin titi na ga takalmin wanka na Lubabatu ne a ƙafata, ban kuwa koma na canja ba. Mako uku ban taka gidan ba. Na yi fushi, na ji kunya, na ji tsoro, don na san abin da ake yi wa mutane a ƙasar nan in magana irin wannan ta fita, kuma na san gida ma ba sauƙi. Abin da aka karantar da ni tun ina yaro na san shi, ban kuma manta ba. Amma duk sanda na so in ɗora fushin a kan Azumi, sai in gan ta durƙushe tana gasa wa Baba ƙafa. Zakiya ta yi ta tambaya ko faɗa muka yi, na ce ciwon kai ne.

Azumi ce ta neme ni. Da azahar ta same ni a Balad ina jiran a loda katan-katan, ta miƙo mini leda, takalmina ne a ciki da wandon da na bayar a rage mini. Ta tsaya a inuwar motar.

“Yaya, wallahi ni kaina ban gane kan abin nan ba. Lauyar ta ce sai mun kawo hujja. Hotuna, wasiƙu, takardar haya, mutanen da za su ce sun san mu tare. Shekara ashirin muna ɓoyewa, yanzu an ce wanda ya fi ɓoyewa shi ya fi shiga mushkila. Wasiƙun da muka yi tun Zariya ni da hannuna na ƙona su. Takardar haya sunanka ne. Hotuna kuwa duk na suna ne da biki, mun yi anko, a bayansu an rubuta Lubabatu da ƙanwarta.”

“To ni me zan yi muku?”

“Fasfo ya ce ubanmu ɗaya. Lauyar ta ce in suka ga haka za su ajiye takardun gefe, don ko a can ba a aure tsakanin ya da ƙanwa. Sai ka rantse a rubuce cewa ni ba ƙanwarka ba ce. Ni kuma in koma gida in yi sabon fasfo da sunan ubana.”

“In kin fita da niyyar canja suna, iƙamarki ta tafi.”

“Na sani. Kuma su ɗin ne suka ce suna son su ga muna zaune tare. Mu zauna tare, amma in tafi. Ka gane? Ni ban gane ba.”

“In na ƙi fa?”

“Halas, shi ke nan. Ko ta tafi ita kaɗai, ko ta fasa mu koma Zariya mu ci gaba da ya da ƙanwa har a binne mu. Ba zan ji haushinka ba, Yaya. Ka yi mini abin da ɗan'uwa na jini bai yi ba.”

Ta juya ta tari tasi. Na buɗe ledar, wandon ya yi daidai, ba ta kuma auna ni ba.

Kwana biyar ina jujjuya maganar. Ƙaryar da na yi da harami ita ce ta kawo alheri gidana, gaskiyar da ake so in faɗa yanzu kuma ita za ta buɗe hanyar abin da zuciyata ba ta karɓa ba. Wanne ne zunubin? Ba malamin da zan iya kai wa tambayar ba tare da na tona su ba. A ƙarshe na ce wa kaina abin da za a tambaye ni ɗaya ne, 'yar Dabo ce ko ba 'yarsa ba, kuma amsar wannan na san ta.

Na je ofishin jakadancinmu. Magatakardan, Abdulwahid, ya san mu duka, Azumi ce ma ta ɗinka wa 'yarsa kayan aure. Ya karanta abin da na rubuta, ya cire tabarau.

“Alhaji, Gwaggo Azumi fa? Bayan shekara ashirin? Faɗa kuka yi?”

“Gyaran suna ne. Tana son sunan mahaifinta.”

“Ai da kun bar shi haka, wa ya damu?”

“Ita ta damu.”

Ya sa na ɗaga hannu na maimaita, ni Usuman Dabo Jaji na rantse Azumi ba 'yar mahaifina ba ce, ba ƙanwata ba ce, ni na amsa ta a haka don ta samu muharrami. Ya buga hatimi. Na fito ina jin kamar na sayar da wani abu.

Yau wata tara Azumi tana Zariya, a gidan wata 'yar ƙanin babanta da da ƙyar ta tuna da ita. Sabon fasfo ya fito, Azumi Gwadabe. Ta ce mini ranar da aka kira sunan a ofis sai da aka kira sau uku kafin ta gane da ita ake. Takardu suna can inda aka aika su, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Kwantiragin Lubabatu saura wata biyu, tana zaune ita kaɗai a Aziziyya, ta rame. Matan Karantina suna tare ni suna tambayar yaushe ƙanwata za ta dawo, abayoyinsu suna jan ƙasa.

Ranar da na kai Azumi filin jirgi ita ce ba ta barina. Da hantsi ne. Ita da Lubabatu suka rungume juna a bakin ƙofa suna kuka son ransu, mutane suna wucewa suna cewa Allah sarki 'yan'uwa. Azumi ta ƙi barin kan keken ɗinkinta, ta naɗe shi a bargo cikin jaka, ga shi ba ta iya ɗaga shi. Na saɓa a kafaɗa na bi ta. Mai gadin ƙofar ya tare ni ya ce matafiya kaɗai. Na nuna masa jakar, na ce in kai mata wurin awo kawai in fito. Ya dube ta, ya dube ni.

“Uhtak?”

Kwafin takardar rantsuwar yana aljihun gaban rigata, a ninke huɗu. Azumi ta tsaya cak, ba ta juyo ba, sai gefen ɗankwalinta nake gani, ba allura ko ɗaya.

Na ce, “Aiwa, ƙanwata ce.”

Ya ce, “Yalla,” ya matsa gefe. Na gyara jakar a kafaɗa na bi bayanta.